Jan Fenti a Shago Arba'in da Ɗaya

Biro na biyu ke nan da ya ƙare mata, kuma saura shago shida.

Wata biyu da fara sanin makamar aiki a sakatariyar ƙaramar hukuma, aka ba ɗalibar aikin da ya wuce jigilar fayil. Za a faɗaɗa titin unguwarsu, ita za ta bi masu shagunan bakin hanya ta rubuta kokensu: suna, lambar shago, da ko akwai izinin gini. Shugabar sashe ta ce wannan shi ne jin ra'ayin jama'a, da shi za a kare su a gaban kansiloli.

Mutanen layin ko sallamar ma'aikacin hukuma ba sa amsawa. Amma ita a gabansu ta yi rarrafe. Ga kuma kawunta, shugaban ƙungiyar masu shagunan, wanda ya yi ta zarya har ya samo mata gurbin, yana gaba tana biye.

"Ku faɗa mata gaskiya," in ji shi. "'Yarku ce."

Suka kuwa faɗa. Mai faci ba shi da izini, mai gyaran waya ma haka. Mahaifiyarta ta ɗago daga keken ɗinki tana dariya. "Rubuta, 'yar gwamnati, ko ƙyallen takarda ba ni da shi." Da aka zo shagon kawu, ya ce ta ji da masu ƙaramin ƙarfi tukuna, nasa ba ya sauri.

Ran Litinin aka shafa jan fenti a shaguna arba'in da ɗaya. Ran Alhamis katafila ta iso. Ma'aikacin da ke nuna ƙofofin da za a rushe, kwafin takardarta ne a hannunsa.

Ba wanda ya zage ta, kuma da zagin aka yi da ya fi mata sauƙi. Mahaifiyarta ta wuce ta da kan keke a rungume, ko kallonta ba ta yi ba. Kawu ya fi kowa ɗaga murya, yana rantsuwa sai an je kotu.

Ta nufi ofis kai tsaye. Shugabar sashe tana taro, fayil ɗin aikin titin yana kan tebur, ɗalibar ta buɗe.

An amince da rusau wata huɗu kafin ta fara aiki. Abin da ya rage kawai a san waɗanda ba su da izini, kuma sau uku ana tura ma'aikata ana koro su. A can ƙasa akwai gajeriyar wasiƙa: in za a tsallake shago ɗaya, ga dabara. A ɗauki 'yar layin aiki, ba abin da za su ɓoye mata. "Ina da wadda ta dace."

Hatimin ƙungiya ne a ƙarƙashi, da sa hannun kawu.