Idon Baba Nomau Marini

Shekara tara Baba Nomau yana rini da lalube, tun da idonsa ya mutu. Ranar Talata 'yarsa Lantana ta kai shi ɗakin binciken da ake tashin ƙwayoyin cuta daga barci, a sa su gyaran ido.

Dakta Zinaru ta ɗumama kwalba a tafin hannunta har ruwan ciki ya motsa, ta ɗiga masa.

Kafin azahar ya ƙura wa shuɗin faratansa ido, sannan ya ɗago.

"Ikon Allah! Lantana, furfura kika yi?"

Lantana ta fashe da kuka.

"Likita, in ƙwayoyin nan sun gama aikin, yaushe za su koma barci?" in ji Baba.

Dakta ta rufe kwalbar a hankali. "Baba, tashinsu kawai muka iya tukuna."