Tauraron da Baba Ya Bar Mini

Har yau in na shaƙi warin sholisho a wurin mai faci, sai in tuna Baba a zaurenmu na Yelwa.

Mai hoto ne. Ran nan ya ajiye kyamararsa a bakin ruwa tana fuskantar rana, ranar kuwa ta huda baƙin ƙyallen ciki da ke tare haske. Ga bikin suna na jiransa washegari.

Ya dama sholisho da baƙin hayaƙin fitila, ya buɗe bayan kyamarar ya ɗaga ta sama. "Uwata, idona ya gaji. Leƙa, me kika gani?"

"Taurari, Baba!"

Da tsinken tsintsiya ya riƙa ɗiga baƙin a ƙananan hujojin ƙyallen, taurarin suna mutuwa ɗaya bayan ɗaya. Da ya rage guda, na fashe da kuka. Ya yi dariya, ya sa fim ya ɗauke ni hoto, sannan ya toshe tauraron ƙarshen.

Hoton na nan, da farin ɗigo a saman kafaɗata. Kwanan baya ɗana ya ce zai goge ɗigon da wayarsa. Na fizge abina na ce, "Kul! Kakanka ne ya bar mini shi."