Kashin Kaji a Huhun Orville

Likita ba ta ko zauna ba, mijina Orville ya fara wasiyya, yana ta tari.

"Wanda, in na tafi, ki ba ƙanena motar. Kada ki yi kuka da yawa."

Kuka? Mutumin da ko ledar shara bai taɓa fitarwa ba, wai ciwon baya. Ni ce yankan ciyawa, ni ce kwashe ƙanƙara, shi yana kwance da rimot a kan tumbi.

Likita ta juyo mana da hoton ƙirjinsa na PET. Huhun dama ya yi ɗigo-ɗigon haske kamar fitilun Kirsimeti.

"Mun ɗebi naman wurin mun gwada, ba ciwon daji ba ne," in ji ta. "Cuta ce da ke kwana cikin tsohon kashin kaji, ta yi yawa a nan Kentucky. Wanda ya sa shebur ya tayar da ƙurar, shi ke shaƙar mai yawa haka."

Na tuntsire da dariya. "Shebur? Wannan? Likita, ko kaza ɗaya ba mu da ita!"

Orville bai yi dariya ba.

Muna fitowa, sai ga Darlene a layin jira, bazawarar ƙarshen titinmu, wadda aka share wa akurki tas kwanan baya. Tarinta irin nasa sak.

Na ja motar na bar shi a can. A ƙafa ya dawo gida. Bayan nasa ai lafiya lau.