Tsohuwar Hanya Zuwa Ɗaya Filin Jirgin

Dogo yana goge gilashin tasinsa a bakin ƙaramin filin jirgin sai ga wata mata ta fito da sauri, saɓe da yarinya mai barci. Ba akwati, sai jakar hannu. Ta tambaye shi nisan da ke tsakanin nan da filin jirgin garin gaba. Ya ce in sun tashi yanzu da hantsi, sai rana ta karkata za su isa. Ta ce jirgin can da tsakar rana yake tashi, kuma dole ta same shi.

Bai tambayi abin da ya hana ta shiga na nan ba. Ita ta faɗa da bakinta bayan sun bar gari: mijinta ne ya baza mutanensa a cikin filin, in ya kama ta yau, sai dai wata ba ita ba.

Irin wannan labarin ba baƙo ba ne a wurin Dogo. Bara ƙanwarsa ta dawo gida da karyayyen hannu, bayan shi da kansa ya sha mayar da ita ɗakinta yana ba ta haƙuri. Ya ƙara taka mota.

Yarinyar ko motsi ba ta yi, har lokacin da suka faɗa rami. Ya tambayi shekarunta. Matar ta ce uku, can kuma ta ce huɗu, ta ce ya yi haƙuri, hankalinta ba ya tare da ita. Wayarta ta yi ta ruri har ta kashe ta.

A madubi ya fara hango wata farar mota. Ya rage gudu, ba ta wuce ba. Ta matso tana haska fitila, tana danna hon ba ƙaƙƙautawa.

"Shi ne," in ji matar, ta sunkuya ta rufe yarinyar da mayafi. "Don Allah, malam, kada ka tsaya."

Dogo ya san wata tsohuwar hanya da ta ratsa wurin fasa dutse, wadda ke rage nisan sosai in mota ta jure. A wata kwana ya sha gaban tankar mai, ya fake da ita, ya karya kan motar ya gangara. Farar motar ta miƙe bisa kwalta.

Gargadar hanyar ta farkar da yarinyar. Ta dubi matar, ta fashe da kuka tana kiran Mama.

"Ga ni, ga ni," in ji matar, ta kafa mata gorar lemo a baki. Ba a jima ba barci ya sake ɗauke ta.

Sun isa ana kiran fasinjojin ƙarshe. Dogo da kansa ya ɗauki yarinyar har bakin ƙofa. Ya tsaya jikin shingen waya har jirgin ya ɓace a sama, yana jin ya sauke wani nauyi.

Bai tafi ba. Yana so ya ga idon mijin. Da farar motar ta shigo a guje, ya zaro sifana daga ƙarƙashin kujera ya tsaya.

Ɗan sanda ne ya fara fitowa. Bayansa wata mata ba takalmi, idanunta sun kumbura. Ta gane tasin, ta rugo ta cafki rigarsa da hannu biyu.

"Bawan Allah, ina ka kai mai rainon nan da ta sace mini 'ya?"