Ɗan Layin da Manaja Ya Soke

Jan biron Manaja ba ya kwana da yunwa. Duk takardar da sakatariya ta buga sai ya ci wani abu a ciki, kuma a gaban jama'a yake cin.

Yau ta sa loose inda ake son lose. Gobe advice ya hau kujerar advise. Sai ya tara ma'aikata har da direba, ya gyara gilashi, ya karanta da ƙarfi.

"Inna, shekara tara kina taifin, har yanzu a aji ɗaya kike?"

Ita dai sai ta ce, "A yi haƙuri, Yallaɓai," ta koma ta gyara. Kuskure ɗaya kullum, ba ƙari ba ragi. Shi ya sa a bayan idonsa ake ce masa Ƙamus, ita kuma ana ce mata baiwar Allah.

Ana nan kwantiraginsa ya zo ƙarshe. Hedikwata ta ce mai son ci gaba ya rubuto kafin Juma'a cewa zai sake sa hannu. Manaja da ya riga ya yi odar sabon labulen ofis ya ce a buga masa.

Ta kawo. Ya bi layi-layi da jan biro a sama kamar mai farautar sauro. Ya sake bi. Ma'aikata sun zuba ido, gumi ya fara tsattsafo masa. Can ya hango re-sign.

"Wannan kashin ƙudan fa a tsakiyar kalma?"

"Yallaɓai, da an bar shi."

"Ke za ki koya min?"

Ya soke ɗan layin, aka yi dariya, ta sake bugawa. Ya sa hannu har da lanƙwasa.

Ranar Litinin amsa ta zo: sun karɓi murabus ɗinsa, sun gode. Ya buga waya yana ihu, aka fahimtar da shi a hankali cewa re-sign sake sa hannu ne, resign kuwa ajiye aiki.

Yana kwashe kofunansa cikin kwali, direba ya raɗa mata, "Inna, ashe kin iya?"

Ta hura shayinta. "Shekara tara ina ajiye masa kuskure ɗaya don bironsa ya ƙyale sauran takardar. Rannan ne ban ajiye ba."