Alkawarin Ganin Teku

Tunda ka ce sai ka gama bincike za ka ɗaga ƙafa, gyara zama in ba ka misalin wani mai sayar da yadi da aka yi a Gusau. Matarsa malamar firamare ce. Shekara talatin da biyu ta yi tana koya wa yara labarin ƙasa, tana ba su labarin teku da tsibirai, alhali ita kanta ba ta taɓa ganin ruwan da ya fi na madatsar Bakolori faɗi ba. Ranar da ta yi ritaya, a gaban 'ya'ya da surukai, mijin ya dafa ƙirji ya ce in Allah ya yarda sai ya kai ta ta gani da idonta. Kuma ba bakin ruwan Legas ba, tsibiri na gaske, mai farin rairayi da itatuwan kwakwa. Halin tafiya yana da shi, fasfo ma bai ɗauki wata biyu ba ya fito. Saura kawai a zaɓi wuri, to a nan fa gizo ke saƙar.

Da farko Zanzibar ya tsayar, don an ce masa akwai masallatai, abincinsu kuma ba abin shakka. Har ya sa rana, sai wani abokin cinikinsa ya ce ai lokacin damina ce a can, ruwa kamar da bakin ƙwarya. Ya ɗaga tafiyar. Kafin daminar ta wuce ya ga hoton Maldives a waya, ɗakunan kwana a bisa ruwa, kifi na yawo a ƙarƙashinsu, nan take Zanzibar ta fita daga ransa. Da aka ce masa in an sauka daga jirgin sama sai an shiga na ruwa, ya tuna Malama ko a mota jiri take ji, sai ya karkata ga Mauritius. Can kuma wani ya ce nisa, wani ya ce ai Cape Verde ta fi kusa, wani ya ce iska ta yi mata yawa. Mutum ya zama kamar an zuba masa ƙaiƙayi a riga. Ba ya iya zaman shago. Yana auna yadi ido na kan waya, har ya riƙa yanka huɗu inda aka ce biyar. Sau shida yana zuwa Kano ofishin masu shirya tafiye-tafiye, har ta kai da sun hango hularsa sai kowa ya sunkuyar da kai. Wannan masauki tagarsa na kallon teku amma bene ne. Wancan a ƙasa yake amma an ce kusa da shi ana kiɗa. Tuwo ya huce a gabansa yana gwada wannan hoto da wancan. Malama kuwa sau uku tana shirya akwati tana kwancewa. Wata rana ta ce masa, "Alhaji, ko ina ne mu je mana. Ruwa dai ruwa ne." Ya ce, "Haba Malama! Bayan duk wannan jira in kai ki inda aka ga dama? Ƙara haƙuri kaɗan, na kusa." A haka aka ci shekara biyu da rabi. Bai lura ba cewa ta fara bugun gefen ƙofa da kafaɗa, tana zuba shayi a gefen kofi, kuma duk hoton da ya miƙa mata sai ta kai shi dab da hanci ta ce ya yi kyau.

Sai da ta yi tuntuɓe da turmi a tsakar gidanta da rana tsaka sannan aka kai ta asibiti. Likita ya duba ya ce hawan jinin ido ne, ciwon da ke cin gani a ɓoye, kuma abin da ya riga ya ci ba ya dawowa. Mutumin da ya kasa zaɓe cikin wata talatin, a yini ɗaya ya yanki tikiti, bai ma tambayi damina ko rani ba. Da suka isa ya riƙe hannunta ya kai ta bakin ruwa, ya zaunar da ita a kan rairayi. Teku ga shi nan shimfiɗe, kusa kore, nesa shuɗi, kwalekwalen masunta na lilo a kai. Igiyar ruwa ta zo ta lashi ƙafarta ta koma. Ta ɗibi ruwan ta taɓa a harshe, ta yi murmushi. Ta daɗe tana fuskantar inda ƙarar ke fitowa, sannan ta ce, "Alhaji, da gaske ne ba a hango ƙarshensa?" Ya ce, "Da gaske ne." Ta gyaɗa kai ta ce, "To, na yarda da kai." Har suka dawo gida ba ta taɓa ce masa ga laifinsa ba. Wannan shirun ya fi masa ciwo fiye da zagi.

To ka ji. Bincike ba laifi ba ne, amma lokaci ba ya zama ya jira ka gama. Shi ya sa Hausawa suka ce, garin neman gira akan rasa ido.