Wakilin da Muka Tura Kaduna

Ranar zaɓe a Makarfi, mu dattawan ƙauyuka duka suna ɗaya muka raɗa wa Baturen zaɓe a kunne, sunan wani tsohon malamin elemantare wanda in ya tare ka da gaisuwar safe, sai azahar ta same ku a tsaye.

Limaminmu ne ya kawo dabarar. "Majalisar Wakilai takan zauna mako uku a Kaduna, sau biyu a shekara," in ji shi. "Ku duba hutun da ke ciki."

Muka raka malam tashar jirgi da kalangu. Kwana tara muna cin kasuwa mu dawo da wuri, har maganar junanmu muka fara ji.

Rana ta goma wata motar gwamnati ta tsaya a bakin masallaci, malam ya fito yana gyara rawani.

"Alhamdu lillahi, jama'a. Majalisa kaf, zaɓaɓɓu da naɗaɗɗu har da Turawa, ba wanda ya ƙi, suka ce in dawo in bayyana muku sabon tsarin mulki ƙauye-ƙauye. Har lasifika suka ba ni. Sashe ɗari da tamanin ne, ku zazzauna."